Wa Ke Hura Wutar Gidan Wanka? Koyar da Yara Zaman Keltawa a Hannun Rumawa

Da wuya yaro ya gama firamare a Ingila bai sha labarin Rumawa ba. Manhajar tarihi da aka fara aiki da ita a 2014 ta sanya daular Rum da tasirinta kan Birtaniya cikin karatun 'yan shekara 7 zuwa 11, har ta kawo misalan abin da za a taɓo: yunƙurin Yuliyus Kaisar, mamayar Sarki Kalaudiyus, ganuwar Hadiriyan da boren Sarauniya Budika. Idan darasin ya iso aji, yakan zo da ɗaya daga cikin fuska biyu. Ko dai a jera wa yara alheran da Rumawa suka kawo, wato tituna da gidajen wanka da magudanan ruwa da rubutu, su kuma su yanka kwali su yi garkuwa, su yafa zanin gado su zama manyan Rum na yini ɗaya. Ko kuwa a ba su labarin jaruma mai jan gashi da ta ƙone Landan. A Faransa ma haka abin yake, sai dai can jarumin sunansa Vercingetorix, kuma tun 1959 littattafan barkwanci na Asterix suke taya shi aiki a zukatan yara. Ina ganin fuskokin nan biyu duk sun tsallake mutanen da aka mulka ɗin. Darasin da ya fi gaskiya, kuma ya fi kama hankalin yaro, shi ne wanda zai fara da abin da talaka ya ci, inda ya kwana, wanda ya karɓi harajinsa, da wurin da ya kai ƙara ranar da aka sace masa saniya.

Keltawa suna ne da ake tara ƙabilu masu yawa a ƙarƙashinsa, masu harsuna 'yan uwan juna, waɗanda suka zauna a ƙasar Gol, wato Faransa da Beljiyam na yau, da kuma tsibiran Birtaniya da Ailan. Ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Mutum ya san kansa ne a matsayin ɗan Iceni ko Brigantes ko Aedui, kuma sau da yawa maƙwabciyar ƙabila ta fi Barume zama abokiyar gaba a wurinsa. Kaisar ya ci ƙasar Gol tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin miladiyya, bayan ya karya Vercingetorix a Alesiya a 52. Birtaniya kuwa ya leƙa ta sau biyu ya koma, sai a shekara ta 43 miladiyya Kalaudiyus ya aika da mayaƙa kimanin 40,000 suka kafa mulkin da ya kai wajen 410. Shekara fiye da 360 ke nan, a Gol kuma kusan 500. A cikin wannan tsawon lokaci an haifi zuriya bayan zuriya waɗanda suka yi rarrafe, suka yi aure, suka tsufa suka mutu ba su taɓa ganin fagen fama ba. Darasin da ya ƙare a kan yaƙe-yaƙe ya bar su duka a waje.

Matsala ta farko ita ce bakin da labarin ya fito. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma Keltawan wancan zamani ba su bar mana littafin tarihi ko ɗaya ba. Kaisar ya ce malaman addininsu, waɗanda ake kira Duruwid, ba sa yarda a rubuta iliminsu, haddace shi ake yi, wani ɗalibin har shekara 20 yana abu ɗaya. Da Rumawa suka murƙushe waɗannan malamai, haddar ta bi su. Babban abin da ya rage mana shi ne rahoton Kaisar, wanda janar ne da ke tallar nasarorinsa ga masu siyasa a gida, da rubutun Tasitus, wanda ya auri 'yar Agirikola gwamnan Birtaniya ya kuma rubuta tarihin surukin nasa wajen shekara ta 98. Abin mamaki, Tasitus ya fi littattafan yara da yawa tsage gaskiya. Ya bayyana yadda Agirikola ya zuga manyan ƙasa su gina wuraren bauta da kasuwanni da gidajen zamani, ya sa aka koya wa 'ya'yan sarakuna Latin, har suka fara alfahari da tufafin Rumawa da liyafa da gidan wanka. Sannan ya yanke hukunci da kansa cewa abin da mutanen suka ɗauka wayewa ce, a zahiri wani ɓangare ne na bautar da su. Ya kuma faɗi yadda masu karɓar hatsin haraji ke tilasta wa manoma kai kaya wurare masu nisa, ko sayen hatsi daga rumbun gwamnati don su biya gwamnatin.

To ina jerin alheran ya samo asali? Babban kasonsa daga zamanin da Ingila ke da daula tata ne. A 1905 masanin nan Francis Haverfield ya gabatar da laccar da ta zama ginshiƙin wannan fanni na shekaru da dama, inda ya kalli tarihin a matsayin yadda wayewar Rum ta game 'yan ƙasa. Shekara biyu ke nan bayan faɗuwar Kano da Sakkwato. Wannan ba haɗuwa ce ta banza ba, domin Gwamna Lugga da kansa, a littafinsa na 1922 kan mulkin Turawa a Afirka, ya kafa hujja da cewa kamar yadda Rum ta ja kakanninsa daga duhun kai zuwa ci gaba, haka Ingila ke biyan wannan bashi a Afirka. Mai karatu da ya san makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, inda aka fara da 'ya'yan sarakuna da malamai, ko makarantar 'ya'yan sarakuna da Faransawa suka kafa a Senigal, zai gane dabarar Agirikola da gani ɗaya. Masana na baya-bayan nan irin su David Mattingly da Richard Hingley sun daɗe da warware wannan kallo, amma littafin yara yakan makara wajen jin labari.

Shaidar da ke ƙasa ba ta goyi bayan cewa Rumawa sun tarar da daji ba. Marubucin Girka Sitirabo, wanda ya mutu kafin mamayar 43, ya lissafa abin da Birtaniya ke fitarwa zuwa ƙetare: hatsi, shanu, zinariya, azurfa, ƙarfe, fatu, bayi da karnukan farauta. Sarki Cunobelinus yana buga kuɗinsa na zinariya a Colchester, da zangarniyar hatsi a jiki da haruffan Latin. A Silchester masu tono sun samu ƙwallon zaitun da irin kayan ƙamshin girki na ƙasashen Bahar Rum a shimfiɗar ƙasar da ta girmi mamayar. Duk wanda ya ga sarƙoƙin wuya na zinariya da aka tono a Snettisham ya san maƙeran nan ba sa neman wanda zai koya musu aiki. Tituna kuwa gaskiya ne Rumawa sun shimfiɗa su, kuma wasu manyan hanyoyin Ingila na yau suna bin sawunsu. Sai dai yaro ya cancanci a gaya masa don wa aka yi su. An yi su ne don runduna ta isa inda aka yi bore da sauri, wasiƙar gwamna ta wuce, darma kuma ta fita. Shekara shida kacal bayan mamaya, a 49, an riga an fara narka darmar tsaunukan Mendip ana buga mata tambarin sarki.

Yanzu a dubi inda mutane suke. Masana suna ƙiyasta al'ummar Birtaniya ta zamanin tsakanin miliyan 2 da miliyan 4, kuma takwas zuwa tara cikin kowane goma a karkara suke. Manyan gidajen gona masu daɓen ado da ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda hotonsu ya cika littattafan yara, kimanin 2,000 aka sani, yawancinsu a kudu da gabas, mafi ƙasaitarsu kuma sai a ƙarni na 4 aka gina su. Babban binciken da Jami'ar Reading ta jagoranta kan ƙauyukan zamanin, wanda aka wallafa tsakanin 2016 da 2018, ya tattara rahoton dubban wuraren tono, ya nuna cewa ƙananan gonakin iyali su ne suka rinjaya nesa ba kusa ba. A arewa da yamma, iyalai da yawa sun ci gaba da zama a ɗakin kago irin na kakanninsu: bango na tsarkiyar itace da aka yaɓe da laka, jinkar ciyawa, murhu a tsakar ɗaki, hayaƙi yana fita ta cikin jinka. Yarinyar wannan gida tana tashi ta tarar da uwarta a kan dutsen niƙa, ta ɗebo ruwa, ta koyi kaɗi da mazari, ƙanenta ya kora tumaki. Abincinsu gurasar alkama da kunun sha'ir, abin shan manya giya. Rum ta shigo gidan nan ta ƙananan ƙofofi: kasko mai yashi a ciki na dakan kayan miya, jan akushi ɗaya da aka yi a Gol, ɗan maƙalin riga na tagulla, albasa da tafarnuwa a bayan ɗaki, sai kuma mai karɓar haraji.

Ko batun lafiya, wanda ake ganin nan ne Rumawa suka fi kowa, bai tsaya yadda ake faɗa ba. A 2016 Piers Mitchell na Jami'ar Cambridge ya tattara shaidar ƙwan tsutsar ciki daga tsofaffin masai da kaburbura, ya gano cewa duk da gidajen wanka da bayan gida na jama'a, tsutsar ciki ba ta ragu ba a zamanin Rumawa, ƙwarƙwata da ƙuma ma suna nan daram. Binciken ƙasusuwa daga maƙabartun yankin Dorset ya nuna hatsarin mutuwar yara da tsofaffi ya ƙaru bayan mamayar. Gidan wanka gini ne mai ban sha'awa, babu musu. Amma a bayan bangonsa akwai tanderu, akwai wanda ya saro itacen, akwai wanda ya kwana yana hura wutar, kuma yawanci bawa ne. Yaron da aka nuna wa hoton ɗakin zafi, aka tambaye shi wa ke hura wutar, ya fara tarihi na gaske.

Fuska ta biyu, ta jarumta, ta fi daɗin ji amma ita ma tana da nata ɓoyon. Zaluncin da aka yi wa Budika gaskiya ne. Mijinta Prasutagus, sarkin Iceni, abokin Rumawa ne. Da ya mutu aka ƙwace ƙasar, aka yi mata bulala, aka ci zarafin 'ya'yanta mata. A shekara ta 60 ko 61 ta ƙone Colchester da Landan da St Albans, kuma har yau masu tono suna tarar da jar shimfiɗar toka a ƙarƙashin garuruwan. Tasitus ya ce mutum 70,000 suka hallaka. Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne St Albans garin 'yan ƙasa ne, na ƙabilar Catuvellauni, waɗanda suka ƙone a ciki kuwa Keltawa ne irinta. Ba a cika faɗa musu cewa Sarauniya Cartimandua ta Brigantes ita ta miƙa wa Rumawa jarumi Caratacus a ɗaure a 51 ba, ko cewa Sarki Togidubnus na kudu ya zauna lafiya da su har ƙarshen ransa. Bayan an karya boren, wanda ya tsaya kai da fata a sassauta ramuwar gayya shi ne sabon jami'in kuɗi Classicianus, mutumin Gol, daga mutanen da Rum ta ci da yaƙi ƙarni ɗaya kafin nan. Mutum-mutumin Budika da ke kusa da majalisar dokoki a Landan kuwa a 1902 aka kafa shi, lokacin da Ingila ke yi wa wasu abin da aka yi mata. Yaron da aka ba labarin mutanen kirki a gefe ɗaya, azzalumai a ɗaya gefen, ba shi da inda zai ajiye waɗannan mutane.

Sa'ar da malamin yau ya taka ita ce ƙasa ta yi magana. A 1973 Robin Birley yana tono a Vindolanda, wani sansanin soja kusa da inda daga baya aka gina ganuwar Hadiriyan, sai ya ci karo da 'yan siraran sallan itace masu rubutun tawada, waɗanda laka marar iska ta adana tun wajen shekara ta 100. Ɗaruruwa aka karanta zuwa yanzu. A ɗaya, Claudia Severa tana gayyatar ƙawarta Sulpicia Lepidina, matar kwamandan sansanin, bikin ranar haihuwarta ran 11 ga Satumba. Magatakarda ne ya rubuta wasiƙar, amma gaisuwar ƙarshe da hannunta ta ƙara, kuma tana cikin rubutun mace mafi daɗewa da aka sani a Latin. A wani, ana sanar da soja an aiko masa da safa da takalma da ɗan kamfai. A wani, wani hafsa mai suna Masclus yana neman umarnin aiki, sannan ya ƙara da cewa giyar yaransa ta ƙare, a taimaka. Akwai wanda aka kwafi layin waƙar Virgil a kai, alamar wani yana koyon rubutu. Ga dubban takalman fata, har da na jarirai, ga takobin wasa na itace da aka tono a 2017. Su waɗannan sojoji ma ba daga birnin Rum suka zo ba. Batabiyawa ne da Tungiriyawa daga Holan da Beljiyam na yau, mutanen da su ma aka ci ƙasarsu, suna aikin shekara 25 don a ba su takardar zama 'yan ƙasa. Duk da haka a ɗaya daga cikin allunan sun kira 'yan Birtaniya da sunan raini. Littafin koyon Latin na yara mai suna Minimus, wanda Barbara Bell ta fitar a 1999, a kan iyalin Lepidina aka gina shi, kuma karɓuwarsa ta nuna yara ba sa gajiya da labarin mutane na gaske.

Vindolanda muryar masu mulki ce. Muryar waɗanda aka mulka sai a garin Bath, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. 'Yan ƙasa suna da abar bautarsu a wurin mai suna Sulis. Rumawa suka haɗa ta da tasu Minerva, suka gina mata ɗaki. Daga cikin maɓuɓɓugar an tsamo 'yan fallayen darma kimanin 130, kowanne da ƙarar da wani ya rubuta ya jefa. Docimedis an sace masa safar hannu biyu, yana roƙon ɓarawon ya rasa hankalinsa da idanunsa. Docilianus alkyabbarsa mai hula aka ɗauke, ya nemi a hana ɓarawon barci har sai ya dawo da ita. Civilis bakin garmarsa ya ɓata. A wani wurin bauta na karkara a Uley, Honoratus ya kai ƙarar ƙafafun amalanke biyu da shanu huɗu da tarkacen gida. A nan yaro zai ga abubuwa da yawa a lokaci ɗaya ba tare da an yi masa lacca ba. Zai ga mutane masu sunayen Keltawa suna rubutu da Latin na kasuwa. Zai ga cewa wanda ya rasa riga ɗaya ya shiga uku, domin ba shi da ta biyu. Zai kuma tambayi kansa me ya sa mutumin da ke zaune a daular da ake yabo da shari'a ya gwammace ya kai ƙararsa ƙarƙashin ruwa, ba gaban alƙali ba.

Akwai mata biyu da ya kamata kowane darasi ya ambata. A South Shields, a bakin kogin Tyne, an tono dutsen kabarin Regina: tana zaune a kujerar saƙa, mazari a cinyarta, kwandon ulu a gefe ɗaya, akwatin kayan ado a ɗayan. Rubutun ya ce 'yar Catuvellauni ce, ta rasu tana da shekara 30, baiwa ce da Barates ya 'yanta ya aura. Barates mutumin Tadmur ne a Siriya, kuma a ƙasan Latin ɗin ya sa an ƙara layin makoki da harshensa na gida. Ta biyu Fortunata ce, yarinya daga Gol, wadda takardar cinikinta ta fito daga ƙasa a Landan: an sayar da ita dinari 600 na azurfa, kusan albashin sojan runduna na shekara biyu, da tabbacin tana da lafiya kuma ba mai guduwa ba ce. Wanda ya saye ta, Vegetus, shi kansa bawan wani bawan sarki ne. Kusa da dutsen Regina akwai na Victor, matashi ɗan shekara 20 daga Arewacin Afirka. Ba shi kaɗai ba ne: gwamna Lollius Urbicus daga Aljeriya ta yau ya fito, Sarki Septimius Severus ɗan Libiya kuma a York ya mutu a 211. Da BBC ta sa baƙar fata cikin iyalin wani hafsan Rum a zanen yara, aka yi ta cacar baki a 2017, har aka yi wa Farfesa Mary Beard ca don ta ce hakan ya dace da shaida. Duwatsun nan sun riga masu gardamar magana.

A Gol shaidar ta fi nuna yadda harshe ya jure. A La Graufesenque, kudancin Faransa, magina suna ƙona dubban jajayen kwanuka a tanderu ɗaya, suna rubuta lissafin kowa a gindin faranti da cakuɗen Latin da harshensu. Kayansu sun kai Birtaniya, an kuma samu akwati guda cike da su ba a kwance ba a Pompeii, wanda aman wuta ya binne a 79. A Coligny an tono kalandar tagulla a 1897, da watannin Golawa a harshen Golawa, an rubuta ta fiye da shekara 200 bayan Kaisar. A sama kuwa manya suna hawa: a 48 Kalaudiyus, wanda aka haifa a Lyon, ya shawo kan majalisar dattawan Rum ta karɓi manyan Gol. Wani ɗan Gol mai suna Licinus, tsohon bawan Kaisar da ya zama mai tara haraji, an ce ya mayar da shekara wata 14 don 'yan uwansa su biya ƙari. A ƙarshe harshen Golawa ya mutu, Faransanci ya tsiro daga Latin, alhali a Birtaniya harshen 'yan ƙasa ya rayu ya zama Welsh, wanda mutum fiye da rabin miliyan ke yi a yau. Daula ɗaya, sakamako biyu.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na raini ba ne. Na farko sukan ce yaro ɗan shekara 8 yana buƙatar labari mai kai da gindi, da shekaru a jere, ba tarin takalma da fasassun tukwane ba. Rabin wannan gaskiya ne. Ba wanda ya ce a jefar da 43 da 410. Su ne turakun da za a ɗaure sauran. Amma shekara ba ta zama a kan yaro sai ta samu mutumin da za ta manne masa, kuma gayyatar Severa tana da kai da gindi fiye da jerin sunayen gwamnoni. Na biyu sukan ce shaidar rayuwar yau da kullum ita ma ta karkata ga masu hali, tunda matar kwamanda ce ke rubuta wasiƙa, matar manomi ba ta bar komai ba. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi. Amsarta ita ce matar manomi ta bar dutsen niƙanta da ya side, ta bar ƙonannen hatsi a murhu, ta bar ƙasusuwanta da ke nuna irin nauyin da ta ɗauka. Inda kuma babu komai, rashin kansa darasi ne. Yaron da aka tambaya me ya sa muka san ranar haihuwar Severa amma ba mu san sunan wadda ke share mata ɗaki ba, ya koyi abin da zai yi masa amfani duk ranar da ya buɗe jarida.

Na uku sukan ce bauta da kisa sun yi wa yara nauyi. Kaisar da kansa ya rubuta cewa ya sayar da mutum 53,000 na gari ɗaya a ciniki ɗaya, kuma ba sai an zayyana wa ɗan firamare abin da aka yi wa 'ya'yan Budika ba. Amma yara sun san zalunci tun daga filin wasa, kuma takardar Fortunata ba ta da jini ko ɗigo. Farashi ne kawai da sunaye, shi ya sa ma take ratsa zuciya. Ɓoye ta ne ke mayar da daular wasan ado. Daga ɗaya gefen kuma akwai masu cewa darasin girki da tufafi yana wanke mamaya, ya mayar da ita bikin al'ada. Hakan yakan faru idan an tsaya ga zanin gado da garkuwar kwali. A gonar gwaji ta Butser a Hampshire, inda aka sake gina ɗakunan kago da gidan gona irin na Rumawa a fili ɗaya, ko a Castell Henllys a Wales, inda aka tayar da ɗakuna a kan ainihin harsashinsu na dā, ɗalibai suna niƙa hatsi da hannu, suna yaɓen laka, suna shaƙar hayaƙin murhu. Gani ya kori ji. Yaron da ya niƙa tafin gari ɗaya ya ji kafaɗarsa, idan aka ce masa wani kason hatsin na ciyar da sojojin ganuwa ne, ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar haraji.

Ga malamanmu da iyaye a nan, abin ɗauka hanyar ce. Mu ma muna da zamanin da ake koyarwa ko dai a matsayin jerin alheran Bature, layin dogo da asibiti da boko, ko a matsayin jarumtar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, alhali manomin da ya noma gyaɗa don biyan haraji da wanda aka kai aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos ba su cika samun shafi ba. Bambancinmu da yaran Ingila shi ne namu shaidun ba sai an tono su daga laka ba: akwai tsofaffin takardun haraji, akwai wasiƙun ajami, akwai dattawan da suka ji daga bakin iyayensu. Wanda kuma ke son ya ga yadda ake gina darasi daga ƙaramin abu, allunan Vindolanda suna intanet kyauta, da hotunansu da fassararsu ta Ingilishi. Malam, ka buɗe wasiƙar safa da takalman nan, ka karanta wa ɗalibanka da Hausa, sannan ka aike su gida su tambayi kakanninsu da me aka biya harajin farko a garinsu.